Giwan ruwan da na zaɓa, wani ya cinye

Tun da nake cin kifi a garinmu Garwa, nan Kamaru, ba a taɓa yi mini abin da aka yi mini daren Asabar ɗin nan ba, kuma a gaban mutumin da na fi ƙin ya ga kasawata a duniya, wato taubashina na Jimeta. Ɗan kawuna ne, tare muka yi ƙuruciya kafin su koma Najeriya. Shekara da shekaru ina cika masa baki a waya cewa abin da suke ci a Yola ragowarmu ce, tunda Binuwai ta ƙofarmu take bi kafin ta gangara wurinsu. Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum: ku dai kun iya sako mana ruwa, kifin kuma ku riƙe. Madatsar Lagdo da ke kan Binuwai sama da Garwa yake nufi, da ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda har gobe yake ɗora mini su kamar ni na buɗe ƙofofin da hannuna. To da ya zo biki ƙarshen watan Agusta shi da iyalinsa, na ce yau za a raba gardama. Zan kai shi ya ci giwan ruwa na gaske, wanda nan ake kira kapiten, ya koma gida da bakinsa a rufe.

Ba zan kama sunan gidan ba. Yana can ɓangaren kogi, irin mai bukkokin ciyawa a ƙarƙashin dogon yaro, wanda duk mai baƙo daga Yawunde yake son kaiwa. Kuma gaskiya ɗaya ce, wurin ya yi. An yi ruwa da la'asar, garin ya yi sanyi irin wanda Garwa ba ta cika yi wa mutum kyautarsa ba, kogi ya cika ya batse, fitilun motoci na wucewa a kan gada. Sun ware ɓangaren iyali can nesa da masu shan kwalba, abin da ya sa ma na yarda na zo da mata ke nan. Akwai buta da tabarma a gefe, muka yi magariba a nan. Yaran taubashina suka tsaya bakin shinge suna leƙen ko za su hango dorina. Folere da aka fara kawo mana kuwa, wato zoɓo, mai sanyi ne ƙarara, an sa masa citta da abarba daidai, ba a cika masa sukari ba. Matar taubashina ta sha kofi biyu kafin ta ce komai. A raina na ce an fara cin nasara.

Al'adar gidan ita ce ka tashi ka je ka zaɓi kifinka a faranti kusa da murhu. Na ja taubashina muka je tare, don ya gani da idonsa. Karfasa ce jibge, wadda suke kira karp, sai tarwaɗa biyu, sai giwan ruwa guda ɗaya tal a tsakiya. Zai kai kilo biyu da wani abu. Na juya shi, na danna tsokar da yatsa, na duba idon. Na san ya kwana a firiza, ba na ranar ba ne, amma bai gaji ba. Yaron ya ce jaka goma sha biyar, muka ja har ya tsaya a sha biyu, da soyayyar agada da baton biyu, wato ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye a dafa. Taubashina ya ciro waya ya buga sefa 12,000 zuwa naira, ya yi salati da ƙarfi har masu gashin suka juyo. Na ce masa ya mayar da wayarsa aljihu, bawa ba ya tambayar kuɗin abincin ubangidansa. Kafin mu bar wurin na lura an ɗan gutsure jelar kifin daga sama, kamar wuƙa ta ci ta. Ban ɗauke shi komai ba a lokacin.

Ƙarfe bakwai da kwata ke nan. Gashin kifi irin wannan minti arba'in ne, in ya yi yawa awa ɗaya, kowa ya sani. Takwas ta yi, shiru. Takwas da rabi na kira yaron, ya ce yanzu yanzu, patron. Sauro ya fara aikinsa, suka kawo mana maganin sauro mai hayaƙi suka ajiye ƙarƙashin tebur. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, ƙararsa ta cinye kiɗan da ake sa wa a hankali. Ƙaramar yarinyar ta yi barci a cinyar uwarta da yunwarta. Ana cikin haka wata babbar mota ta shigo, mutum uku suka fito, ɗaya da babbar riga, biyu da kwat. Sai ga ma'aikatan da muke ta nema da fitila sun fito kamar kiyashi, wannan na goge kujera, wancan na durƙusawa. Ban ji haushin wannan ba, kowa da arzikinsa.

Abin da ya tsaya mini shi ne, ba su yi minti ashirin da zama ba, sai ga faranti ya taso daga murhu, yaro ya ɗauko shi sama da kafaɗa, ya bi ta gefen bukkarmu. Ƙamshin ya riga shi isowa. Na gyara zama, mai ɗakina ta fara janye kofuna don a sami wurin ajiyewa. Yaron ya wuce mu. Ina kallo ya wuce, kifin na kwance da albasa da tumatir a kansa, jelarsa ta leƙo waje, da gutsuren nan daga sama. Aka dire shi gaban mai babbar riga.

Taubashina ma ya gani. Bai ce uffan ba, ya dai ɗauki kofinsa ya kurɓa yana kallon rufin bukka, kuma wallahi da ya yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Tara da kusan rabi namu ya iso. Karfasa biyu manya, an jera su kai da jela, an lulluɓe su da yankakken albasa da ganye har ba ka ganin kawunansu. Yaron ya ajiye ya ce, ga kapiten ɗinku, Alaji. Wannan kalmar ce ta fi ɓata mini rai fiye da jiran awa biyu. Ni da na tashi ina bin babana sayen kifi gindin gada, za a lulluɓe mini karfasa da albasa a ce giwan ruwa ne? Ko makaho ya shafa ya san bambanci. Giwan ruwa bakinsa wangame yake, haɓar ƙasa ta ɗara ta sama, jikinsa dogo, ƙayar bayansa ta rabu gida biyu, tsokarsa fara mai kauri da ke ɓarewa sala sala. Karfasa kuwa ɗan bakinta tsuke, jikinta faffaɗa, ƙayar bayanta a jere take tun daga wuya har kusa da jela. Na ɗauki cokali na share albasar daga kan ɗaya, na ce masa, samari, dubi bakin nan da kyau ka sake faɗa mini sunansa. Ya koma Fillanci, na bi shi da Fillanci. Ya koma Faransanci, na bi shi. Daga ƙarshe ya ce bari ya kira Mama.

Na zaci mai gidan za a kira. Sai ga matar da ke gashin da kanta, dattijuwa, daga jin harshenta 'yar kudu ce, da mafici a hannu, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ba ta yi wani kewaye ba. Ta ce kifina ne aka kai can, ita ta gasa shi da sunana, yana kan wuta aka zo aka ce a ba manyan baƙi, kuma babu wani kapiten a gidan ko na magani. Ta ce ai na san watan da muke ciki. Nan jikina ya ɗan yi sanyi, don na sani. Daga 1 ga Yuli zuwa ƙarshen Satumba ana rufe kamun kifi a tafkin Lagdo don kifi ya hayayyafa, kowace shekara haka ake yi. Tun da 'yan Sin suka gama madatsar a 1982 tafkin nan ne ke ciyar da Garwa da kifi, har a loda a yi kudu da shi, in an rufe shi kuwa sai abin da aka ɓoye a firiza da ɗan abin da masu koma suka samo a kogi. Ni da ke cika baki da kifin garinmu, ni na kwaso baƙo a tsakiyar lokacin rufewa. Wannan laifina ne, na karɓa. Ta ce in ci wannan ɗin tukuna, in bai yi mini ba ita za ta biya daga aljihunta.

To, a nan ne sharhin nan ya so ya ƙwace mini. Na sa hannu da niyyar in sami abin kushewa, ban samu ba. Ban taɓa cin karfasa irin wannan ba, har da ta gidanmu, Allah ya sa mai ɗakina ba za ta karanta ba. An tsaga jikin kifin layi layi, an cusa haɗin har ƙashi, irin haɗin mutanen Duwala: njansan (wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙamshi), tafarnuwa, citta, farin masoro na Penja, da wani ganye mai ƙamshi. Fatar ta yi ƙus ƙus ba ta ƙone ba, cikin kuma da ruwansa, ba wannan warin taɓo da karfasar damina kan yi. Yajin da ke gefe ɗanyen attaruhu ne da aka niƙa da mai, yana cizo amma ba ya hana ka jin kifin. Agadar ta nuna daidai. Baton ɗin ne kawai ya yi tauri, da alama na jiya ne aka ɗumama. Aka tashi yarinyar ta ci, matan suka daina hira, taubashina ya tsotse kan kifin har ido. Da ya gama ya ce, ashe dai kun iya wani abu ban da sako ruwa. Daga bakinsa wannan lambar yabo ce. Na kira Mama na yi mata godiya, na sa mata jaka ɗaya a hannu, na ce a raina magana ta wuce.

Ba ta wuce ba. Takardar kuɗi ta zo, layin farko an rubuta kapiten, 12,000. Bayan duk abin da aka yi, bayan mai gashin ta faɗi gaskiya a gaban kowa, wani ya zauna ya rubuta wannan da biro. Karfasa irin waɗannan, a gidan nan kansa, jaka huɗu huɗu ne, na ji ana faɗa wa wani lokacin da muke zaɓe. Na tashi na je wurin mai karɓar kuɗi. Ta ce ita abin da aka rubuta mata a farko shi take bi. Na ce abin da aka rubuta a farko yana cikin wancan mai babbar rigar, ta je ta karɓa a can. Ta ce sai mai gida ya zo, mai gida kuma ba ya nan, wayarsa ba ta shiga. Minti goma sha biyar ina tsaye kamar mai roƙo, baƙina na zaune suna kallona ta tsakanin bukkoki. Sai da Mama ta sake barin murhunta ta zo ta yi magana da ƙarfi kafin aka soke aka rubuta 8,000. Ba wanda ya ce yi haƙuri. Yaron da ya kira karfasa kapiten ma ya ɓace ɓat.

Sannan aka zo kan canji. Duka da folere da ruwan gora na Tangui biyu ya kama 11,300, na ba da jaka goma sha biyu, aka ce babu canji. Wannan kam ciwon ƙasar ne gaba ɗaya, ko a kantin unguwa haka ne, amma gidan da ke sayar da kifin jaka goma sha biyar ya rasa ɗari bakwai a daren Asabar? Na ce to a dawo mini da kuɗina in tura ta Orange Money. Ta ce in zan tura sai na ɗora kuɗin cirewa a kai. Na bar musu ɗari bakwai ɗin, ba don na yafe ba, don na gaji.

Da za a tambaye ni, hannun matar nan ya cancanci duk abin da aka biya har da ƙari, kuma wurin zama da iyali irinsa ba su da yawa a garin nan. Amma gidan da zai ɗauke abin da ka zaɓa ka yi ciniki ya ba wanda ya fi ka mota, sannan ya turo yaro ya rufe maka ido da albasa, ban san yadda zan sake kai baƙo can ba. Da tun farko sun zo sun ce Alaji, an sami matsala, ga karfasa a kuɗinta, wallahi da na karɓa, da yanzu yabo kawai nake rubutawa. In kun je, ku je bayan an buɗe Lagdo a watan Oktoba, ku tsaya kan kifinku har a ɗora shi a wuta, ku kuma tafi da canjinku.

Taubashina ya koma Jimeta ranar Litinin. Kafin motarsu ta kai iyaka ya riga ya sa hoton ƙasusuwan karfasar a zauren danginmu na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: giwan ruwan Garwa, Allah ya ji ƙansa. Mutum goma sha ɗaya sun sa dariya, har da kawu.