Fawa siteshan ɗina ya daina riƙe caji, ga abinda aka gano da ra'ayina akan na'urar

Na'urar nan da ake kira fawa siteshan, wasu kuma suce sola janareta, wato babban batir da ake caji a riƙa jona kayan wutar gida a jikinsa, tawa mai 1024Wh ce (Wh shine ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) kuma batirinta LiFePO4 ne, wani nau'in batirin litiyom. In aka tambayeni yau ko zan sake sayen irinta zan ce eh, amma fa akwai abubuwan da ya kamata ace mai shago ya faɗa wa mutum tun ranar da ya miƙa kuɗinsa, kuma basa faɗa, shiyasa mutane da yawa suke ɗauka batirinsu ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Na saye ta ne bayan duhun nan na watan Oktoban 2024, lokacin da layin wuta na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala ga kuma na Shiroro zuwa Kaduna dama an lalata shi, arewa ta kwashe sama da mako guda babu wuta. Fetur kuma kunsan yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, tada janareta kullum da daddare ya fi ƙarfin mai albashi. To a farko gaskiya ta burgeni sosai, babu ƙara babu hayaƙi, a falo take zaune yara suna karatu kusa da ita, fanka biyu da talabijin da dikoda da cajin wayoyi duk tana ɗauka, daga bayan isha'i har wajen ƙarfe uku na dare.

Daga baya ne ta fara wasu halaye guda biyu da suka tayar min da hankali. Na ɗaya, zan barta da safe tana nuna kashi 70, babu abinda ke jone a jikinta ko caja ɗaya, in dawo da yamma in tarar ta sauka wajen 55. Na biyun shi yafi ciwo, ana cikin amfani da ita tana nuna 35 ko 30 kawai sai ta ɗauke ɗif, ka kunna ta nuna maka sifili, ga zafi ga sauro ga yara sun tashi suna kuka tsakar dare. Wallahi na shiga damuwa dan kuɗin da na zuba ba kaɗan bane, tarawa nayi.

Na koma shagon da na saya, kuma anan ne nake da ƙorafi na gaske. Yaron shagon ko kunna ta bai yi ba yace min "Alhaji ai zafi ne, haka suke yi", nace to garantin fa, yace sai oga ya dawo kuma sai an aika Legas, ba'a san ranar dawowa ba. Mutumin da yake sayar da kaya mai tsada haka ya kamata ace ya san gwaji ko guda ɗaya da zai yi a gabanka. Wanda ya taimakeni wani mai gyaran inbata ne a wajen Sabon Gari nan Kano, dattijo ne mai haƙuri, kuma abinda ya fara burgeni dashi shine yaƙi kwance ta, yace "Malam in na cire nati ɗaya garantinka ya tafi, bari mu fara da abinda ba sai an buɗe ba". Allah ya saka masa da alheri.

Maganar zubewar caji da rana bata ɗauke shi minti biyar ba. Maɓallin AC ne, wato ɓangaren soket ɗin da ake jona fanka da talabijin. Muddin yana kunne inbatan da ke ciki, wato mai juya wutar batir zuwa ta gida, yana aiki ne ko da babu komai a jone, yana cin wuta shi kansa, a irin waɗannan na'urorin wajen wat 10 zuwa 20, kuma abin haushin sikirin ɗin sifili yake nuna maka a wajen fitar wuta dan haka baka da yadda zaka sani. Ku lissafa da kanku, wat 15 sau awa 10 ya bada 150Wh, kusan kashi 15 kenan na batirin 1024Wh, daidai abinda nake rasawa. Ga Wi-Fi da Bluetooth ɗinta suma suna ɗan tsotsa a gefe. Tawa haka ta fito daga kwali ba'a saita mata lokacin kashe kanta ba, sai ka shiga manhajar waya ka nemo wajen, kuma ɗan littafin da ke cikin kwalin bai yi bayanin haka ta yadda mutum zai gane ba. Wannan aibin na'urar ne kuma ina ƙirga mata shi. Gwajin da ya bani mai sauƙi ne, ka kashe ta gaba ɗaya har babban maɓallin, ka rubuta kashin da take kai, ka barta kwana biyu. Batirin LiFePO4 mai lafiya kashi 2 ko 3 kawai yake rasawa a wata guda in yana ajiye, dan haka a kwana biyu bai kamata kaga ta motsa ba. Tawa bata motsa ba. In taka ta zubar da kashi 10 a kashe to wannan kam akwai matsala a ciki, ka maida musu.

Matsala ta biyun, wato ɗaukewar nan ɗif, ita nake so jama'a su fahimta sosai dan tana da alaƙa da irin wutar da muke samu. Lambar nan da kake gani a sikirin ba wai na'urar tana leƙa cikin batirin bane tana ganin abinda ya rage, lissafi take yi. Batirin LiFePO4 ƙarfinsa kusan a tsaye yake, kowane sel, wato ƙananan baturan da aka haɗa a cikinsa, yana zaune ne a wajen bolt 3.2 zuwa 3.3 tun daga kusan cike har kusan ƙarewa, saboda haka ba'a iya gane yawan cajin ta hanyar auna bolt sai a can sama ko can ƙasa. Sai ƙwaƙwalwar da ke kula da batirin, wadda masu gyara ke cewa BMS, ta riƙa ƙirga abinda ya shiga da abinda ya fita, kamar mai kanti da yake rubuta shige da fice a littafi amma ya daɗe bai tashi ya ƙirga kayan da ke kan kanta ba, ƙaramin kuskure yau ƙarami gobe har littafi ya rabu da gaskiya. Wajen da take gyara lissafinta shine idan ta cika taf ko ta ƙare tas. To mu nan yaushe take cika? a kawo wuta ta kai 60 a ɗauke, ka sha da daddare ta sauka 25, gobe a kawo awa ɗaya ta kai 70 a sake ɗaukewa, haka za'a yi watanni bata taɓa ganin 100 ba. Shikenan sai ta riƙa nuna maka 35 alhali a gaskiya ta kusa ƙarewa, da sel ɗaya ya sauka wajen bolt 2.5 sai BMS ta yanke wuta dan kar batirin ya lalace, kai kuma kaga kamar kashi 35 ɗinka sun ɓace.

Bayan haka mai gyaran yace sel-sel ɗin da ke ciki suma suna rabuwa da juna a hankali, wani ya ɗan fi wani cika, kuma daidaita su galibi a ƙarshen caji ake yinsa lokacin da suke kusantar bolt 3.65, wanda shima baya samuwa in kullum a rabi ake yanke mata.

Maganin ba kuɗi bane, lokaci ne da wuta mai tsayawa. Mun jona mata kaya muka barta har ta mutu da kanta, sannan aka sa ta a caji a shagonsa inda yake da sola da manyan batura, ba'a cire ba ba'a jona komai ba har ta kai 100, kuma bayan ta nuna 100 ɗin ya barta a jone wasu awanni. Sai aka sake maimaitawa, a zagaye na biyun ne yayi gwajin da nake ganin duk mai irin wannan na'urar ya kamata ya iya. Ya jona kayan da ke jan wat 200 daidai, muka duba agogo, ta yi awa huɗu da ɗan kwata kafin ta ɗauke, wato wajen 850Wh kenan. Da naji 850 maimakon 1024 sai naji wani iri, yace a'a haka yake, inbata yana cinye kashi 10 zuwa 15 wajen juya wutar batir zuwa ta gida, dan haka duk abinda ya kai kashi 80 zuwa 90 na abinda aka rubuta a kwali batir lafiya yake. Kuɗin da ya karɓa bai kai na fetur ɗin sati ɗaya ba.

Maganar zafi da yaron shago yayi ba ƙarya bace gaba ɗaya, kawai ba ita ce damuwata ba. Littafin tawa yace kar ayi caji sama da digiri 45, kuma duk wanda ya san Kano a watan Afrilu da Mayu ya san waje ma yana haura 40 balle ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka. In tayi zafi tana rage saurin caji ko ta tsaya ma, kai kana zaton ta cika ashe bata sha komai ba, kuma zafi yana tsufar da batir da wuri. Kar a barta a mota, kar a manna ta da bango, kar a rufa mata zani wai dan ƙura. Ƙurar hunturu kuwa ta cika mata ramukan iska, da busasshen burushi ya share. Farantin sola ma haka, in ƙura ta kwanta masa wutar da yake bayarwa raguwa take yi sosai.

Sai ƙaramin janareta, tawa bata shiri dashi, zaka ji tana ƙas ƙas tana kamawa tana saki saboda wutarsa bata tsaya waje ɗaya ba, sai na rage saurin caji a manhaja sannan take yarda. Haka in NEPA suka kawo rabin wuta. Kuma dan Allah a daina jona mata dutsen guga da hita, dutsen guga kaɗai wat 1000 ne ko fiye, ko awa ɗaya ba za'a yi ba ya shanye ta, wannan ba rashin riƙe caji bane.

Yanzu abinda nake yi shine duk wata ina neman ranar da wuta ta zauna in barta ta cika har ta wuce, lokaci zuwa lokaci kuma in barta ta ƙare tas, maɓallin AC ɗinta kuma na saita yana kashe kansa. Tun daga nan bata sake yi min wancan ɗaukewar ba, tana sauka a hankali har ƙasa da kashi 10. Fankar cikinta tana da ɗan ƙara in tana caji da sauri, wannan har yanzu bana jin daɗinsa musamman da daddare, kuma ina ganin bai kamata ace sai da wayar zamani mutum zai iya canza saiti masu muhimmanci ba, dattawa da yawa suna sayen abin nan.

Ga mai shirin saye, ka tabbata an rubuta LiFePO4 a jiki, shi ake yiwa alƙawarin caji wajen sau 3000 kafin ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80, ɗayan nau'in litiyom ɗin da ke cikin tsofaffin samfura galibi 500 zuwa 800 ne. Ka ɗaga ta kaji nauyi, mai 1000Wh ta gaske tana kai kilo 10 zuwa sama, in kaji ta sakayau kuma kuɗinta ya faɗi ƙasa sosai to araha bata ado. Ka sa a rubuta maka garanti da lambar jikin na'urar a rasit, ka tambaya a ina ake gyara in ta samu matsala kuma wa zai biya kuɗin kaiwa. In kuma taka ta riga ta fara, kayi cika da ƙarewar nan sau biyu kayi gwajin agogo, in har yanzu bata baka ko kashi 70 na abinda aka rubuta, ko kaga jikinta ya kumbura ko tana zafi ko wari alhali a kashe take, ka cire ta daga wuta ka fitar da ita daga ɗakin kwana, ka kai musu da rasit ɗinka da lissafin gwajin a rubuce tun garanti bai ƙare ba, kar ka bari kowa ya kwance ta kafin nan.