Shagon soyayyiyar kaza na unguwarmu a Bronx

Kazarsu dai ba laifi wallahi, da zafinta kuma yaji ya ratsa, sai dai dankalin kafin ka kai gida ya saki, layin yamma kuwa sai haƙuri. Ɗan ƙanwata a can yake aiki, wani sa'in ya rufe shago sha biyun dare kuma a ce ya dawo shida na safe, haba. Dokar birnin New York ta 2017 ta ce manyan shagunan abincin nan masu rassa, in hutu bai kai awa 11 ba sai ma'aikaci ya yarda a rubuce kuma a ƙara masa dala 100. Su kam suna biya ba gardama, na gani a takardar albashinsa. Tauraro huɗu.