Kwas na kuɗi ko aikin buɗaɗɗiyar manhaja: ga wanda za ka ɗauka

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Tsakanin kwas ɗin wata shida da ka turo tallarsa cikin gurup da shiga aikin buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta, wato rubutun da aka gina ta da shi, ya kuma kawo gyara) a GitHub, shafin da ake ajiye irin wannan kod, na biyun za ka ɗauka, tunda ka ce ka iya yaren rubuta manhaja na Python kuma kana haɗa ƙananan shafukan intanet da Django, kayan aikin gina shafuka da Python.

Irin wannan kwas na taɓa saya nan Yamai. Bidiyoyin ba su da laifi, an ba ni takardar shaida mai hatimi, har yau ba wanda ya ce in nuna masa ita. Mai farawa daga tushe zai amfana da darasi bayan darasi, amma ko shi akwai darussan intanet na CS50 na Jami'ar Harvard da na freeCodeCamp, duk kyauta.

Kwas fili yake ba ka fetal, ka gina ɗakinka kai kaɗai, malami ya duba ya ce ya yi. A wurin aiki kuwa gidan da mutane ke kwana a ciki za a ba ka, a ce ka canza ginshiƙi ba tare da rufi ya faɗo musu ba. Django da kake amfani da shi tun 2005 aka sake shi ga jama'a. Akwai kod a ciki da aka rubuta kana firamare, kuma duk layin da ka taɓa, shafukan mutanen da ba ka sani ba sun dogara da shi. Karanta irin wannan kod, gano dalilin da ya sa aka rubuta shi haka, gyara shi ba tare da ɓata wani wuri ba, wannan ne aikin injiniya, kuma ba a koyonsa a bidiyo.

Ni abin da ya buɗe mini ido wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhajar tattara bayanai ce da muke amfani da ita lokacin da nake aiki da masu bincike a ƙauyukan Keita da Bouza, jihar Tawa. Can rezo yana zuwa yana ɗaukewa. Mai bincike zai tura fam, saƙon ya isa, amma amsar da ke cewa ya isa ta maƙale a hanya, sai waya ta sake turawa. Gida ɗaya ya fito sau biyu cikin lissafi. Na rubuta gyara: kafin a ajiye fam, a duba ko akwai mai suna ɗaya da ƙauye ɗaya. Na tura wa masu kula da manhajar ina jin daɗi.

Wata mata ce cikin masu kula da aikin ta yi bitarsa, Allah Ya saka mata da alheri. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Tambaya ta yi: idan mutum biyu a ƙauye ɗaya suna ɗaya gare su fa? Kai ma ka san yawan Abdu da Hadiza a kowane gari namu. Sannan ta ce, idan saƙonnin biyu suka iso a daƙiƙa ɗaya, kowanne ya duba bai ga ɗan'uwansa ba, me zai faru? Daga nan ta nuna mini yadda ake ba kowane fam lamba tasa tun daga cikin waya, a sa rumbun bayanai da kansa ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu, ta yadda ko sau goma aka tura, sakamako ɗaya ne. Ta sa na rubuta gwajin da ke kwaikwayon yankewar rezo, ta sa na raba gyaran gida biyu don mai zuwa bayana ya gane tarihin. Ranar da aka haɗa shi cikin babban kod, na san akwai masu bincike a wasu ƙasashe da gyarana zai yi wa aiki. Wallahi wannan matar ba ta karɓi ko dala ba a hannuna, kuma duk manhajar da na rubuta daga baya da darasinta nake rubutawa.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Yawancin ayyukan da Ingilishi ake tattaunawa, mu kuma da Faransanci muka yi boko. Dole ka daure ka riƙa rubuta gajerun jimloli masu ma'ana. Ba wanda zai kore ka don nahawu. Wani lokaci za ka tura gyara a yi makonni shiru, don masu kulawar da yawa bayan sun tashi daga aikinsu suke duba abin. Kuma ba mai tsara maka abin da za ka koya gobe. A nan kaɗai kwas ya fi.

Kada ka fara da Linux ko wani ƙaton aiki don suna. Zaɓi abin da ake amfani da shi a ƙasar nan, wanda ka san matsalarsa da idonka. KoboToolbox da ƙungiyoyin agaji ke cika fam da shi, da Python da Django aka gina sashensa na baya, ka ga hannunka ne. Akwai ODK Collect idan Android kake so, akwai DHIS2 da Jami'ar Oslo ke jagoranta wanda ake tattara bayanan lafiya da shi, shi kuma Java ne. Sauke kod ɗin, ka sa ya tashi a kwamfutarka, ko da mako guda zai ci maka. Karanta ƙa'idar bayar da gudummawa, nemi matsalolin da aka yi wa alamar "good first issue", wato matsalar da ta dace da sabon shiga, ka karanta muhawarar da aka yi kan gyare-gyaren wasu kafin ka tura naka. Git kuma, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, ba ya buƙatar intanet don ka yi aiki: ka ajiye canje-canjenka a kwamfuta, in rezo ya dawo ka tura. In ka yi ƴan watanni ana ganin sunanka a aiki ɗaya, ka nemi Google Summer of Code, shirin Google na haɗa sababbin shiga da ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja. Tun 2005 ake yinsa, daga 2022 kuma ba sai ɗalibi ba, duk mai shekara 18 da ke sabon shiga harkar zai iya nema, kuma ana ba da alawus.

Yanzu ka saurara da kyau, don ƴan damfara sun gano yaranmu na son wannan harka. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ya sama maka gurbi a shirin Google ɗin nan, ɓarawo ne, neman kyauta ne. Akwai masu kwaso bidiyon da ke YouTube kyauta su sayar a WhatsApp da alkawarin aiki a Kanada. Tambaye su adireshin GitHub na malamin da sunan aikin da aka taɓa karɓar gyaransa; in suka fara kewaye-kewaye, ka fita. Haka masu sayar da kwamfutar hannu ta biyu: kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki, kunna ta ka duba RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, da kanka, ka cire caja ka ga ko batir yana riƙe wuta.

Kuɗin kwas ɗin ka raba su. Kai RAM ɗinka giga 16 in na'urar za ta ɗauka, sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, sauran ka ajiye na forfe. In ka zaɓi aikin, turo mini shi, mu karanta matsalar farko tare kafin ka taɓa kod.