Fina-finan Indiya na 1975: Deewaar ko Sholay, wanne za a tura maka?

Malam, tunda ka ce ɗaya kawai za ka iya ɗauka yanzu tsakanin Sholay da Deewaar, ɗauki Deewaar. Duka biyun suna hannuna, kuma wanda ake komawa a sake kallo ba tare da an riƙa tura shi gaba ba, Deewaar ne.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, hannu ɗaya ne ya rubuta su. Salim Khan da Javed Akhtar su suka rubuta labarin kowanne, R.D. Burman ya yi kiɗan kowanne, Amitabh Bachchan kuma yana cikin kowanne. Deewaar ya fito a Janairu, Yash Chopra ne darakta. Sholay ya biyo baya ranar 15 ga Agusta, Ramesh Sippy ne darakta. Da aka zo rabon kyaututtukan Filmfare na fina-finan wannan shekara, Deewaar ya kwashe bakwai, ciki har da gwarzon fim, gwarzon darakta, labari, tsarin labari da kalamai, Shashi Kapoor kuma ya samu ta mataimakin jarumi. Sholay guda ɗaya tak ya samu, ta haɗa hoto. A kasuwa kam Sholay ne ya yi gaba nesa, har ya shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Kasuwa daban, rubutu daban, kuma kai da za ka kalla a waya ko a talabijin ɗin falo, rubutun ne zai riƙe ka.

Ga yadda Deewaar yake. Uban yaran shugaban ma'aikata ne, masu kamfani suka kama iyalinsa suka tilasta masa ya sa hannu a takardar da ta sayar da haƙƙin abokan aikinsa. Kunya ta sa ya gudu ya bar gida. Ma'aikatan da suka fusata suka kama babban ɗansa, Vijay, suka rubuta masa a hannu da allura da tawada cewa ubansa ɓarawo ne. Uwar, wadda Nirupa Roy ta fito a matsayinta, ta kwashe yaran biyu zuwa Bombay, suna kwana a ƙarƙashin gada, tana ɗaukar kaya a wurin gini, Vijay yana shushaina domin ƙaninsa Ravi ya shiga makaranta. Da suka girma Vijay, wato Amitabh, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, daga nan ya faɗa harkar fasa-ƙwaurin zinare. Ravi, wato Shashi Kapoor, ya zama ɗan sanda, aka miƙa masa fayil ɗin yayansa.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin yadda duk abin da aka shuka a farko sai an girbe shi a gaba. Tun Vijay yana yaro, abokin harkar wani babban ɗan fasa-ƙwauri ya jefa masa kuɗin goge takalmi a ƙasa, yaron ya ƙi ɗauka sai an miƙa masa a hannu. Shekaru bayan nan babban ɗan fasa-ƙwaurin da kansa ya wurga masa damin kuɗi a kan tebur, ya sake samun amsa irin ta wancan karon. Ginin da uwarsa ta yi lebura a cikinsa, shi ya dawo ya saya da tsada ya ba ta. Lambar da ke kan tambarin aikinsa na dako 786 ce, wadda Musulmin Indiya ke ɗauka a matsayin lissafin Bismillah da haruffan abajada. Wani dattijo Musulmi abokin aikinsa ne ya faɗa masa darajarta, kuma ka sa ido a kan wannan ɗan ƙarfe, domin duk inda ya shiga ko ya fita daga aljihunsa akwai abin da ke biyo baya. Ba zan faɗa maka ƙarshen ba.

Wurin da nake so ka kalla da sifika a buɗe shi ne faɗan sito. 'Yan daba suna karɓar kuɗi daga ladan 'yan dako duk mako. Wani sabon ma'aikaci ya ƙi bayarwa, ya rasa ransa a gaban kowa. Mako na gaba Vijay ya ƙi biya, suna can suna nemansa a gari, shi kuwa yana zaune a sitonsu yana jiran su. Ya tashi ya kulle ƙofa daga ciki, ya jefa wa shugabansu makullin, ya ce zai karɓa daga aljihunsa in ya gama. Rigar nan shuɗiya da ya ɗaure bakinta a ciki, wadda samari suka yi ta kwaikwayo, Amitabh da kansa ya ba da labarin cewa tela ne ya yi ta da tsawo, babu lokacin ragewa, sai aka ƙulle ta. Akwai kuma wurin da Ravi ya harbi wani yaro da ya gudu da kaya, ashe burodi ne ya sato wa gidansu, ya bi shi gida ya tarar da ubansa tsohon malamin makaranta. Wannan wuri shi ya sa Ravi ya karɓi shari'ar yayansa, kuma shi ne ya hana fim ɗin zama labarin mai kirki da mugu kawai. Haɗuwarsu a ƙarƙashin gadar da suka taso, inda Vijay ya lissafa gidaje da mota da kuɗin banki, Ravi ya amsa da cewa shi uwa ce a wajensa, ko wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba ya ji labarinta.

Waƙoƙinsa kaɗan ne, kuma Amitabh bai yi ko ɗaya ba, na Shashi Kapoor da Neetu Singh ne mafi yawa. In masu son rawa da waƙa ne a gidan, ka san da haka. In da yara ko surukai za ku kalla, ka riƙe rimot a wuraren Parveen Babi, wadda ta fito a budurwar Vijay: akwai mashaya, akwai sigari, akwai wurin da aka nuna su a ɗaki ɗaya ba aure. Akwai kuma zuwa ɗakin bautar Hindu sau da dama, domin ƙin shigar Vijay can yana daga cikin jigon labarin.

Sholay kuwa, ba zan ce ba shi da kyau ba. Amjad Khan a matsayin Gabbar Singh ya kafa ma'aunin bos a fim ɗin Indiya, alhali Danny Denzongpa aka fara ba rawar, aikin Dharmatma a Afganistan ya hana shi. Faɗan jirgin ƙasa na farko har yau yana da kyan gani, haka nan wurin da aka kawo gawar ɗan limamin ƙauyen, makahon dattijon da A.K. Hangal ya fito a matsayinsa. Amma fim ne na babban allo da cikar jama'a. An ɗauke shi a duwatsun Ramanagara kusa da Bangalore cikin wajen shekara biyu da rabi, aka fitar da shi a faffaɗan fim na milimita 70 da sauti mai zagaye, kuma duk wannan yana ɓacewa a fuskar waya. Ya haura awa uku, sai an ci wajen awa guda kafin Gabbar ya bayyana, kuma barkwancin gandiroba da na mai sayar da katako, in ba ka jin Indiyanci, cika lokaci ne kawai. Ƙashin labarin ma aro ne daga Seven Samurai na Japan na 1954 da fina-finan kaboyi. In akwai ranar da za ku haɗu ku goma gaban babbar talabijin da sifika mai kyau, to a nan Dharmendra Sarkin Ƙarfi da Hema Malini za su biya ku. Kai kaɗai da daddare da abin sa wa a kunne, Deewaar.

Sai abin da ba ka tambaya ba, wato masu tura fim da masu faifai. Akwai na kirki, akwai waɗanda duk abin da ke kwamfutarsu mai kama da sunan za su zuba maka su karɓi kuɗi.

Akwai wani Deewaar na 2004, shi ma da Amitabh, tare da Sanjay Dutt da Akshaye Khanna, labarin sojojin Indiya ne da ke tsare a Fakistan. Babu abin da ya haɗa shi da na 1975 sai suna. In ka ga Amitabh dattijo da furfura, ba shi ba ne. Na gaskiya yana farawa da bikin ba Shashi Kapoor lambar yabo ta 'yan sanda, ya kira mahaifiyarsa ta hau ta karɓa. A ɓangaren Sholay ma ana cusa wa mutane Ramgarh Ke Sholay na 1991, wanda Amjad Khan ne na gaske amma sauran masu kama da jarumai ne, ko kuma Aag na Ram Gopal Varma na 2007, inda Amitabh ya fito a bos.

Kada ka bar shagon sai ka duba tsawon fayil ɗin. Deewaar ya kusa awa uku, 'yan mintuna ne suka rage. In ka ga awa biyu da kwata, an datse shi, kuma yawanci ƙuruciyar yaran da wurin yaron burodi ake yankewa domin babu faɗa a ciki, su ne kuwa ke riƙe da labarin. Sholay iri biyu ne sanannu: mai minti 198 da aka nuna a silima, da mai minti 204 na darakta. Bambancinsu yana ƙarshe. Fim ɗin ya fito ne ana cikin dokar ta-ɓacin da Indira Gandhi ta kafa a Yunin 1975, hukumar tace fina-finai ta ƙi yarda tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa, aka sake ɗaukar ƙarshen, 'yan sanda suka iso suka kama Gabbar. A na darakta Thakur, wato tsohon ɗan sandan, shi ne ke gamawa da Gabbar da takalmin ƙusoshi. Mintuna kaɗai za su iya ruɗa ka, saboda kwafin da aka ciro daga faifan Turai yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, sai 198 ya koma wajen 190, 204 ya koma wajen 196. Ja shi zuwa minti goma na ƙarshe ka gani da idonka. Kwafin da aka samo daga fitowar 3D ta 2014 kuma an taɓa sautin bayansa, kunnen da ya saba da tsohon zai ji bambanci.

Girman fayil ma abin dubawa ne. Fim mai awa uku da aka matse zuwa megabait 300 zai farfashe a duk inda duhu yake, Deewaar kuwa rabinsa a duhu ne: sito, tashar ruwa da dare, ƙarƙashin gada. Nemi wanda ya kai gigabait ɗaya zuwa ɗaya da rabi a 720p. In mai shago ya ce yana da babba mai tsabta ƙwarai, ka tuna filas ɗin da aka tsara shi a tsarin ajiyar fayil na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, kuma tsofaffin talabijin da yawa shi kaɗai suke karantawa. Buɗe fim ɗin a wuri uku, farko da tsakiya da kusan ƙarshe, ka dubi bakin mai magana. Sautin da ke zamewa daga hoto a hankali yake zamewa, a minti biyar na farko ba za ka gane ba, sai a awa ta biyu za ka ji an yi mari kafin hannu ya sauka. Kada kuma ka sayi memori a wurin saboda araha. Na jabu yana nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba, turawar za ta nuna ta kammala, ka je gida fayil ya ƙi buɗuwa.

Game da fassarar Hausa, saurari wurin gadar kafin ka biya. Wasu masu fassarar suna bin maganar yadda take, wasu kuma suna cika duk wani shiru da barkwancinsu da sunayen unguwanni, su danne kiɗan baya gaba ɗaya. Sholay yana iya jure wannan tunda da ma akwai raha a jikinsa. Deewaar a kan kalamai da shiru aka gina shi, in aka cusa masa wasa ya lalace. In fassarar ba ta yi maka ba, karɓi na Indiyanci mai rubutun Turanci a ƙasa, ka tabbatar rubutun a jikin hoton yake ko an tura maka ƙaramin fayil ɗinsa da suna iri ɗaya da na fim ɗin a cikin folda guda.

In memorin ya rage wuri, daga wannan shekarar dai ka ƙara da Chupke Chupke na Hrishikesh Mukherjee, Dharmendra da Amitabh cikin barkwanci mai tsabta da za a kalla da kowa a gida, sai dai yana buƙatar fassara mai kyau domin wasansa na harshe ne. Aandhi na Gulzar, wanda Sanjeev Kumar ya ci gwarzon jarumi da shi a shekarar har ya doke Amitabh na Deewaar, na masu son labarin siyasa da aure ne, kuma gwamnati ta hana nuna shi a lokacin dokar ta-ɓacin. Amma fara da Deewaar, cikakke, na 1975.