Binciken kanel na Gentoo: yana aiki, saura a ƙara masa sauri

Na daɗe ina kan Gentoo, wani nau'in Linux da ake harhaɗa manhajojinsa a kan kwamfutar mutum, kuma akwai wani ɗan abu da ba a cika maganarsa ba, wato binciken da ake yi wa saitin kanel (zuciyar tsarin Linux) kafin a fara harhaɗa wasu manhajoji. In ka taɓa yin emerge (umarnin girka manhaja a Gentoo) na manhajoji irin su Docker ko systemd ka san shi, layin nan da ke cewa ana duba saitin kanel, sai allo ya ɗan tsaya cik.

Wallahi ya taɓa cetona. Na haɗa kanel da hannuna, na yi ta zaftare abubuwa don ya yi sauƙi, ashe har da wani saiti mai suna VETH na cire ban sani ba, alhali da ita Docker ke jona kwantena (keɓaɓɓun wuraren da yake gudanar da manhajoji) da netwok. Tun ba a fara harhaɗawa ba gargaɗi ya fito da sunanta ɓaro-ɓaro, da ba don shi ba da na kwana ina lalube.

Tsarin ba wuya. Mai rubuta ebuild (fayil ɗin da ke bayanin yadda za a harhaɗa manhaja) zai jera sunayen saitin kanel a CONFIG_CHECK, sai linux-info.eclass, wato lambar da ke yin binciken, ta duba fayil ɗin saitin kanel, .config, da ke /usr/src/linux, in babu ta koma /proc/config.gz. Sunan da ke da ~ gargaɗi ne kawai, mai ! kuma so ake a kashe shi.

To inda nake so a gyara shi ne saurin. A sigar linux-info.eclass da na karanta, kowane suna ɗaya sai an sake buɗe fayil ɗin da umarnin cat ko zcat an tura wa sed mai tace layuka, fayil mai dubban layuka fa, kuma jerin Docker sunaye ne rututu, ka ga kenan abu ɗaya ake ta karantawa ana maimaitawa. A sabuwar kwamfuta da ƙyar za ka lura, amma a tsohuwar laftof ɗina ina ganinsa ƙiri-ƙiri.

Na gwada a nawa kwafin, na sa bash (harshen da aka rubuta binciken da shi) ya karanta fayil ɗin sau ɗaya ya riƙe a ƙwaƙwalwa, kowane suna a duba shi a can. Tsayawar nan ta kusa ɓacewa kuma gargaɗin bai canza ba ko ɗaya. Wasu kashe binciken suke yi gaba ɗaya don gudun jira, ni kam tun abin VETH ɗin nan ba na taɓa shi.