Corolla 2015 da na yi oda daga Amurka, bayan shekara ɗaya a titin Jos

Jama'a tunda abokai sun dame ni da tambaya kan motar nan bari kawai in rubuta abin da na gani. Corolla LE ce 2015, inji 1.8, wani ejen ne a nan Jos ya sayo min ita a gwanjon Amurka, irin motocin da kamfanin inshora ke sayarwa bayan hatsari. Tawa ta gaba aka buge ta, bamba da fitila ɗaya da bonet, injin bai taɓu ba.

Abin da ya sa na yarda da odar tun farko shi ne yadda mota take a ƙasar. Can kusan gida tara cikin goma suna da mota, motocin da ke da rajista sun haura miliyan 280, kuma kuɗin aikin bakanike tsada ne da shi sosai, to idan mota ta bugu inshora sai su yi lissafi su ga gyaran ya kusa kuɗin motar, sai su biya mai ita su tura ta gwanjo irin su Copart da IAA. Abin da su suka ga bai cancanci gyara ba, mu nan mai buga jiki da mai fenti sati biyu sun miƙe shi. Ga shi sitiyarinsu a hagu yake kamar namu, ba kamar na Ingila ko Japan ba da sai an juya.

Motar kanta wallahi ba ni da ƙorafi. Bayan an cire tallafin mai a 2023 duk wanda ke da V6 ya san abin da yake ji a aljihu, ita kuwa wannan shan manta kaɗan ne, na je Abuja da iyali da kaya cike da but, a dawowa muka hau Hawan Kibo da AC a kunne, ta yi ƙara kam don giyar CVT ce, wato irin otomatik ɗin da ba ta da lamba ɗaya, biyu, uku, haka take yi idan ka taka, amma allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Da sanyin Disamba ma da asuba bugu ɗaya take tashi.

Sai dai giyar nan ku yi hattara. Ranar da na fara kai ta sabis yaron shagon har ya ɗauko man giya na gama-gari zai ɗura, Allah ya sa ina tsaye, ogansa ya daka masa tsawa ya ce "kai wannan ba irin na tsohuwar Corolla ba ne, nata daban ne." Man inji ma 0W-20 aka rubuta a murfin, amma mutanenmu sun saba da mai kauri. Fitilar gaba LED ce, kyau kam akwai, kuɗinta ne ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. Kuma motar tana da ƙasa, a hanyoyin cikin unguwa da damina sai ka bi a hankali.

Inda raina ya ɓaci shi ne wajen ejen ɗin. Ya ce min wata biyu, sai da na yi huɗu ina jira, yau jirgi bai taso ba gobe motar tana tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas ana kiliyarin, jibi kwastam sun ƙara duti. Wannan duk na haƙura don na san ba komai ne a hannunsa ba. Abin da ban yafe ba, bai gaya min jihar da motar ta zauna ba. Da muka ɗaga ta a kan rami bakanike ya haska tocila ya ce "Alhaji zo ka gani," na leƙa, salansa duk ta yi ja, notocin ƙasa sun ci tsatsa har ɗaya ya karye a sifana. Ashe daga Ohio ta fito, su kuma jihohin arewa irin su Ohio da Michigan gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ke cin ƙarfen mota ta ƙasa alhali sama tana ƙyalli. Da na sani da na ce a nemo ta Arizona ko wani wuri mai bushewa, ko da yake na kudu ma sai an duba, Texas da Florida akwai motocin ambaliya, tun guguwar Harvey ta 2017 mutane suka sha wahalar wayarin.

Kafin ka tura ko sisi ka karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, harufa da lambobi 17 ne, ka sa a ciro maka rahoton Carfax mai nuna tarihin motar da hotunan gwanjon ka gani da idonka. Mita kuma a mil take, idan ka ga 100,000 to kilomita 160,000 ke nan, ni sai daga baya na lura.

Motar na ba ta takwas cikin goma. Ejen ɗin biyar, kuma ƙanina da ke son Camry na riga na ce masa ya nemi wani.