Shekara biyu da suwic mai gurabe takwas: iska ce ke riƙe da shi

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan tun da muka ɗora wannan suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci tana kai bayanai tsakaninsu, a tsakiyar ɗakin na'urorinmu, kuma sai yanzu nake jin na san shi sanin da zan iya yin magana a kansa. Irin manyan nan ne da ake haɗawa gunduwa-gunduwa: gangar jiki guda ta ƙarfe, gurabe takwas na katunan layi (masu ɗauke da kafofin da ake cusa wayoyi) a gaba, katunan sarrafawa biyu, sannan a baya katunan saƙa masu ɗaukar bayanai daga wannan katin layi zuwa wancan, da tirorin fanka, da akwatunan wuta. Kowanne ana zare shi a mayar da wani ba tare da an kashe na'urar ba. Sunan kamfanin da ya ƙera shi zan bar shi a gefe, domin kamfanoni da dama ne ke yin irin wannan ƙira, kuma abin da na yaba da abin da ya ɓata mini rai duk na ƙirar ne.

Aikinsa na asali ba sai na tsawaita ba. Yana kai bayanai inda aka ce ya kai, bai taɓa faɗuwa gaba ɗaya ba, kuma ranar da muka gwada zare katin sarrafawa na farko, na biyu ya karɓi ragama ba wanda ya kira ni ya ce layi ya yanke. A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi cin lokacina a shekaru biyun nan zafi ne, da hanyar da iska ke bi ta fitar da shi.

Wanda muka sauke kafin wannan, iska daga gefe take shigarsa ta fita ta ɗaya gefen. Dalilin yana cikin gininsa: duk katunan suna cusuwa ne a jikin wani faffaɗan allo da ke tsaye a bayansu, allon nan kuwa katanga ce, iska ba ta ratsa shi. Dole maƙera su bi da ita ta kwiɓi. Ba laifi ba ne a zamaninsa. Ko Catalyst 6500 na Cisco, wanda ya fito a 1999 ya kuma yi shekaru yana riƙe da manyan cibiyoyi, yawancin nau'o'insa gefe-da-gefe suke numfashi, domin an yi su ne a lokacin da ake ɗora na'ura a buɗaɗɗen rak (maɗorin ƙarfe na na'urori) mai ƙafa biyu, ko'ina iska. Sai tsarin ɗakuna ya canza. Yanzu ana jera rak-rak kafaɗa da kafaɗa, fuskokinsu na kallon layin sanyi, bayansu na huci cikin layin zafi. A irin wannan ɗaki, na'urar da ke shaƙa ta gefe hucin maƙwabciyarta take shaƙa. Mun yi fama da wannan sosai. Mun bar rak guda babu kome a kusa da shi, mun sa farantan ƙarfe masu karkatar da iska, kuma duk da haka wayoyin da ke saukowa ta gefen da yake shaƙa suna toshe masa hanci.

Sabon ba shi da wannan allo ko kaɗan, kuma wannan ne abin da na fi ƙauna a jikinsa. Katunan layi suna kwance a gaba, katunan saƙa suna tsaye a baya, kowane na kwance yana haɗuwa da kowane na tsaye kai tsaye a inda suka gitta juna, kamar zaren tsaye da na kwance a masaƙa. Tsakanin mahaɗan nan fili ne. Idan ka zare kati ka haska fitila ciki, har bayan akwatin za ka hango. Iska tana shiga ta ƙananan hudojin fuska, ta bi kan katin, ta wuce ta tsakanin katunan saƙa, fankoki su jefa ta layin zafi. Ba kwana, ba lanƙwasa. Nexus 9500 na Cisco da ya fito a 2013 da QFX10008 na Juniper duk a kan wannan tunani aka gina su. Kuma ribar ba ta iska kaɗai ba ce: tafiyar da saƙon lantarki ke yi daga cip zuwa cip (ƙwayoyin lantarkin da ke sarrafa bayanai a kan katunan) ta gajarta, mahaɗan da yake tsallakawa sun ragu, wanda hakan ke da muhimmanci ƙwarai idan gudun layi ya yi sama.

Me ya sa nake nanata batun iska haka? Domin kusan duk wutar da suwic ya sha, zafi take komawa. Ba ya ɗaga kaya, ba ya juya injin. Wat dubu ɗaya ya shiga, zafin wat dubu ɗaya zai fita. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Idan kana son iskar da ta fita ta ɗara wadda ta shiga da digiri 10 kawai a ma'aunin Salshiyos, kowane kilowat guda yana buƙatar kimanin kubik mita 300 na iska a awa ɗaya. Akwatin da ke shan kilowat 6, ka ga kubik mita 1,800 ke nan a kowace awa, duk ta fuskar da faɗinta bai wuce na rak mai inci 19 ba, fuskar da kuma kafofi da wayoyi suka cinye mafi yawanta. Wanda ya riƙe wannan lissafi a kansa ba zai yi mamakin ƙarar na'urar ba.

Ƙara kam tana da ita. Lokacin da aka kunna shi, kafin manhajarsa ta gama tashi ta karɓi iko da fankoki, duk suna gudu ne iya ƙarfinsu, kuma a wannan 'yan mintuna ba ka jin maganar wanda ke tsaye kusa da kai. Bayan nan sai su lafa. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 85 ga mai aikin awa takwas, ni kuwa tun makon farko na hana kowa yin dogon aiki a bayan rak ɗin ba tare da toshin kunne ba. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu ba. Matasan da ke aiki tare da ni kunnuwansu za su yi musu amfani har tsufa.

Yadda manhajar ke sarrafa gudun fankokin ya burge ni. Akwai ma'aunan zafi a mashigar iska, a kan manyan cip-cip, da kuma a mafita, kuma tana ƙara gudu ne a hankali gwargwadon abin da suka nuna. Wannan yana da dalili. Wutar da fanka ke sha ba ta tafiya daidai da gudunta: ka ninka gudu sau biyu, wutar ta ninku sau takwas. Ko ƙarin kashi 20 cikin 100 a gudu yana jawo ƙarin fiye da kashi 70 a wuta. Na ga wannan da idona lokacin da aka ba da shawarar a ɗaga zafin ɗakin don rage wa na'urorin sanyaya aiki. Ƙungiyar ASHRAE ta injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta ba da shawarar iskar da ke shiga na'ura ta kasance tsakanin digiri 18 da 27, don haka shawarar ba ta saɓa ƙa'ida ba. Amma da muka matsa kusa da ƙarshen iyakar, fankokin suwic ɗin suka tashi, wani ɓangare na abin da muka rage a can muka biya shi a nan. Muka dawo tsakiya muka tsaya.

Yanzu ga abin da bai yi mini daɗi ba. Katunan saƙa suna bayan tirorin fanka ne. Kafin ka taɓa katin saƙa, sai ka zare tiren da ke rufe da shi, kuma daga wannan lokaci agogo ya fara ƙirga maka. Sauran fankoki za su tashi da ƙarfi su rufe giɓin, amma 'yan mintuna ne kawai aka ba ka kafin na'urar ta fara kare kanta ta hanyar kashe katuna. Aiki ne da ke son natsuwa, domin mahaɗan nan suna da siraran allurai masu yawa, wanda ya lanƙwashe guda ya jawo wa kansa babbar asara, ga shi kuma ana yinsa cikin gaggawa da ƙara mai toshe kunne. Sau biyu na yi shi. Kafin kowanne sai da muka jera kayan aiki a kan tebur, muka maimaita matakan da baki, mutum ɗaya ya riƙe agogo. Na fahimci dalilin ƙirar, domin nan ne iska ta fi miƙewa, amma har yanzu ina ganin maƙeran sun bar wa ma'aikaci nauyin da ya kamata su rage masa. Haka kuma da fanka guda ta mutu a cikin tire, tiren duka aka canza, alhali sauran lafiyarsu ƙalau.

Darasin da ya fi zauna mini a rai kuwa daga wani ɗan marfi ya zo. Duk gurbin da babu kati a cikinsa akwai marfin ƙarfe da ake toshe shi da shi. Wata rana wani matashin ma'aikacinmu ya zare kati don a mayar da shi wani wuri, ya bar gurbin a buɗe. Ba a daɗe ba saƙon gargaɗi ya shigo, zafin katin da ke sama da gurbin yana hawa, fankoki sun ɗaga murya. Da na je, ya ce, "Malam, ai na ɗauka buɗewar ma za ta ƙara masa iska." Tunaninsa ba na wauta ba ne, kowa zai iya yinsa. Na sa ya kara tafin hannunsa a bakin ramin, ya ji yadda iska ke kwarara ciki. Iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi. Ga ƙofa a wangale, me zai sa ta matsa kanta ta tsakanin haƙoran ƙarafan da ke zuƙar zafi daga cip? Sai ta bi ramin ta wuce, katunan da ke aiki su zauna cikin zafinsu. Muka mayar da marfin, cikin ɗan lokaci kome ya koma daidai. Tun daga ranar, marafan nan suna da wurin ajiya na musamman a jikin rak ɗin.

Wurin da na fi sa wa ido yanzu shi ne fuskar na'urar. 'Yan ƙananan kawunan haske da ake cusawa a kafofi, waɗanda ke mayar da lantarki haske don ya bi wayar faiba, su ne suka fi kowa rashin juriya. Nau'in da aka saba da shi iyakarsa digiri 70 a jikin ƙarfensa, alhali babban cip yana jure abin da ya fi haka nesa. Kuma kullum ƙara cin wuta suke yi. Na gigabit 100 yakan sha wat huɗu ko kusa da haka. Na gigabit 400 irin QSFP-DD yakan haura wat 10. Jera 36 a fuskar kati guda, ka ga ɗaruruwan wat a ɗan siririn wuri, kafin ma a zo kan cip. Shi ya sa shigar iska ta ɓangaren kafofi ta dace: mafi rauni shi ke fara samun mafi sanyi. Sai dai hakan na nufin duk abin da ya tare fuskar ya tare numfashi. Da muka cika katuna biyu da faiba, wayoyin suka zubo kamar labule, na ga zafin kawunan da ke bayan labulen ya fi na sauran. Kwana biyu muka yi muna raba su hagu da dama, muna ɗaurewa a kan hannayen da aka tanada. Hannayen nan da suka zo da akwatin sun yi ƙanƙanta ga yawan wayar da shi kansa akwatin ke iya ɗauka, sai da muka ƙara wasu.

Ƙura ma tana da nata. Akwai matatar iska da ake sa wa a ƙofar gaba, tana tare datti, amma idan ta cika ita ma toshewa take yi, fankoki su yi ta wahala. Na sa duba ta cikin jadawalin kowane wata. Akwatunan wuta ba su ba ni matsala ba. Masu shaidar 80 PLUS Platinum ne, wato a rabin lodi kashi 94 cikin 100 na wutar ke wucewa, sauran ya zama zafi da nasu ƙananan fankoki ke fitarwa. Sai girma da nauyi: a cike ya haura kilo 100, kuma zurfinsa ya sa muka nemi rak mai zurfin milimita 1,200 domin wayoyin wuta su sami wurin lanƙwasa a baya. Wanda zai saya ya auna rak ɗinsa tukuna.

Shin zan sake sayensa? Zan sake, ga wurin da ake son na'ura guda ta yi shekaru ana ƙara mata ƙarfi. Ga ƙaramin wuri kuwa, ko inda sanyin ɗaki bai tsaya da ƙafafunsa ba, ƙananan suwic biyu ko huɗu masu kaurin yunit ɗaya, wato hawa guda a jikin rak, sun fi sauƙin riƙo, kuma ba a tara zafi duka a rak guda. Alƙawarin irin wannan akwati shi ne gangar jiki ta daɗe, katuna su riƙa canzawa. Amma kowane sabon zubin kati ya fi na baya zafi, kuma a wasu lokuta sai an canza katunan saƙa da tirorin fanka tare kafin ya zauna. Mu ma da muka sa katunan gigabit 400 sai da muka yi hakan, kuma ba a fayyace mana ba a lokacin sayen farko.

Gurabe biyu suka rage mana, duka a toshe da marafansu. An fara maganar cike su a baɗi. Na riga na rubuta wa dillalin tambayoyi uku: wat nawa katin ke sha idan an cika kafofinsa duka, ko tirorin fankarmu na yanzu za su ɗauke shi idan guda ta mutu, da kuma zafin iskar shiga mafi girma da ya amince da shi a wannan hali. Sai amsoshin sun zo a rubuce zan sa hannu a takardar oda.